Ina son koyon harbin saiti a Kano: wace bindiga zan nema, kuma zan iya ɗura harsashi da kaina?

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Hotoro ne, shekarata 29, ina sana'ar kayan waya. Na daɗe ina kallon bidiyon Amurkawa a YouTube suna harbin allo daga nisan mita 300 har 600, kuma na ga da yawansu a gida suke haɗa harsashinsu. Ni ba farauta nake so ba, ba kuma rigima ba, wasan ne kawai ya shiga raina. Shin doka ta yarda farar hula ya mallaki bindiga domin wannan? Wace iri ya kamata in saya? In harsashi ya yi tsada, zan iya yin odar na'urar sake ɗura shi?"

Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗin tambayar nan, musamman da ka yi ta kafin ka fitar da ko sisi. Abu uku ka haɗa: izinin mallaka, zaɓen bindiga, da ɗurin harsashi a gida. Na shafe shekaru masu yawa ina koyar da harbi da kula da ma'ajiyar makamai kafin in ajiye aiki, don haka abin da hannuna ya taɓa zan gaya maka. Amma ni ba lauya ba ne. Duk abin da zan faɗa game da doka, ka kai shi gaban lauya ya duba maka kafin ka ɗaga ƙafa.

Sha'awarka ba abin kunya ba ce. Harbi fasaha ce da addininmu ya yaba, kuma hadisin Uƙbatu ɗan Amir da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya fassara ƙarfi da harbi har sau uku, sananne ne. A garin nan ma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe ya ji ƙarar 'yan bindigar Sarki, ya shaƙi warin albarushi. Sai dai bidiyon da kake kallo an ɗauke su ne a ƙasar da tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami tun 1791. Mu a nan mallakar bindiga alfarma ce da hukuma ke bayarwa, tana kuma iya hanawa ba tare da ta yi maka dogon bayani ba. In ka riƙe wannan bambancin, sauran maganar za ta zo maka da sauƙi.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ke aiki ita ce dokar bindigogi ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku.

Kashin farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. A ciki akwai bindigogi masu sarrafa kansu, da gurneti, da roka, da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu wato fistol, da kuma bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Ka tsaya a kan wannan lissafi, domin nan ne burinka ya fara cin karo da bango. Ɗaya daga cikin harsasan da Amurkawa suka fi so wajen harbin nesa, .308 Winchester, faɗinsa milimita 7.62 ne. Ke nan bindigar da ta fi burge ka a waya ita ce wadda ta faɗa layin da farar hula ba ya kusanta.

Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu wadda ake karyawa a sa harsashi da hannu, da doguwar bindigar wasa wadda faɗin bakinta bai shiga na soja ba, da bindigar iska. Eh, har bindigar iska. Mutane da yawa suna ɗaukarta abin wasan yara, alhali a rubuce take cikin jadawalin dokar, kuma riƙe ta ba lasisi laifi ne. Ita kuwa wadda ake kira famf-akshin, da samari ke ɗauka bindigar farauta ce kawai, jadawalin ya fitar da duk bindigar farauta mai na'urar ɗura kanta daga wannan kashi. Ka tuna irinta ce jami'an Kwastan suka kama guda 661 a Legas a Janairun 2017.

Kashi na uku bindigogin toka ne, irin na maharbanmu da ake ɗurawa ta baki, kuma sha'aninsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Lasisin na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lambarta, yana da wa'adi, kuma ba a gadonsa. Wannan na ƙarshen ya jefa gidaje da dama cikin matsala: mahaifi ya rasu, 'ya'ya su tarar da mai baki biyu a bayan sif, su ajiye ta a matsayin abin tunawa. Takardar marigayi ba ta rufe mai rai. A sanar da 'yan sanda a miƙa ta. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba ya gaza ɗaurin shekara goma, kuma dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta tanadi hukunci mai tsanani ga wanda aka kama da bindiga ba izini, ko da bai taɓa harba ta ba.

Sannan ga halin da ake ciki. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi a faɗin ƙasa saboda yawan makamai a hannun jama'a. Kafin nan, a 2021, an kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, aka kuma ba ta dokarta a 2024. Duk wanda ke ganin abin da ke faruwa a Zamfara da Katsina da iyakokin jiharmu ba zai yi mamakin wannan tsauri ba. Saboda haka matakinka na farko shi ne ka taka da ƙafarka zuwa hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, ka nemi sashen da ke kula da lasisin bindiga, ka ji matsayin yau daga bakinsu. Kada ka bi ta hannun dillali. Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi zai fito maka da takarda cikin mako guda, takardar jabu zai ba ka, kuma ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike kai kaɗai za ka amsa.

Akwai wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba. Dokar ta sassauta wa ɗan ƙungiyar harbi da Sufeto Janar ya amince da ita ya riƙe bindiga lokacin atisaye a filin ƙungiyar, ba sai yana da lasisin kansa ba. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da kai. Ka tuntuɓi hukumar wasanni ta jihar Kano da hukumar wasan harbi ta ƙasa, ka tambayi inda 'yan wasa ke atisaye a hukumance. Bindiga tana kwana a ma'ajiya, kai kana kwana da kwanciyar hankali.

Bindigar da zan ba ka shawara

A ce komai ya daidaita, an ce ka zaɓa. Ba zan yi jinkiri ba: bindigar iska mai faɗin milimita 4.5, nisan mita 10.

Na san ranka zai ɗan sosu, domin kai mita 600 kake mafarki. To bari in nuna maka abin da ke cikin mita goman nan. A gasar Olamfik, wadda ta karɓi wannan fanni tun wasannin Los Anjalis na 1984, allon gaba ɗaya faɗinsa milimita 45.5 ne, bai fi murfin ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Tsakiyarsa, mai maki goma, ɗigo ne na rabin milimita, kamar ka ɗora bakin biro a takarda ka ɗaga. A tsaye ake harbi, ba jingina, da bindigar da nauyinta ke iya kai kilo 5.5. Harbi 60 cikin minti 75. Ana lissafin maki har da ɗigo, mafi girma 10.9, jimilla 654, kuma gwanayen duniya suna haura 630. Da wannan bindigar iskar Abhinav Bindra ya ci zinare a Beijin a 2008, ya zama ɗan Indiya na farko da ya ci zinaren Olamfik shi kaɗai. Ba wanda ya tsaya a wannan layi na minti goma ya sake kiranta abin wasa.

Dalilin da ya sa nake fifita ta ga mai koyo shi ne ba ta ɓoye kuskure. Babbar bindiga tana da ƙara da tokarin kafaɗa, kuma jikin ɗan Adam yana tsoron duka biyun. Na koyar da samari majiya ƙarfi da suka fara da babba, kuma kusan dukansu sun kamu da cuta ɗaya: kafin harsashi ya fita sun runtse ido, sun tura kafaɗa gaba, sun fizgi kunama. Wani lokaci nakan sa wa ɗalibi kwanson harsashin da ba komai cikinsa ba tare da ya sani ba. Sai ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas, amma ka ga bakinta ya dunguri ƙasa kamar an buge shi. Nan take yake gane cewa ba bindigar ke kauce wa allo ba. Cire wannan ɗabi'a yakan ci watanni. Wanda ya fara da ta iska ba ya kamuwa da ita tun farko, domin ba abin da zai firgita shi. Yana jin numfashinsa, yana ganin yadda bugun zuciyarsa ke motsa saiti, yana koyon matsa kunama a hankali har harbin ya fita bai san lokacin ba.

Bindigogin iska iri biyu ne za ka fi gamuwa da su. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bakinta a ɗana. Tana da araha, ba ta buƙatar komai sai ƙwayar dalma, kuma kamfanonin Jamus irin su Weihrauch da Diana sun yi suna a kanta. Aibinta shi ne sifirin yana girgiza ta kafin ƙwaya ta bar bututu, don haka sai ka riƙe ta sako-sako, riƙo iri ɗaya kowane harbi. Sai mai tukunyar iska, wadda ake cika wa iska har matsinta ya kai awon bar 200. Ita ce ta gasa, ba ta motsi ko kaɗan, kuma Feinwerkbau, Walther, Anschütz da Steyr su ne manyan masu ƙera ta. Kuɗin sabuwa ɗaya zai saya maka adaidaita sahu. Mai koyo ba ya buƙatarta a shekarar farko. Abin da za ka duba a kowace iri shi ne kunama mai laushi wadda ba ta ja da tsayi, da gindin da ya dace da tsawon hannunka, da saitin leƙe mai 'yar ƙofa a baya da zobe a gaba. Ka bar madubin hangen nesa tukuna. A gasar mita 10 ma ba a yarda da shi ba. Kada kuma ka ruɗu da lambobin gudu da ake bugawa a kwali. Bindigar gasa tana tura ƙwayarta ne wajen mita 170 a daƙiƙa, a natse. Masu tsananin gudu na 'yan harbin ɓera ne.

In ka yi shekara ɗaya ko biyu, hannunka ya zauna, mataki na gaba shi ne bindiga mai sakata mai faɗin baki inci .22, a nisan mita 50, inda ake harbi a durƙushe, a kwance da a tsaye. CZ 457 ta ƙasar Cek bindiga ce mai aminci da ba ta kai na gasa tsada ba. Amma fa wannan harsashi ne na gaske. Duk da ƙanƙantarsa yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana kuma kisa. Babu gida ko fili a cikin birnin Kano, daga Hotoro har Rijiyar Zaki, da ya dace a harba shi. Gonar da kake ganin ba kowa, akwai makiyayi a bayan kalgo da ba ka hango ba.

Yanayin garinmu ma yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana cinye robobin da ke riƙe iska, don haka bindiga ta zauna cikin jakarta, a goge ta da tsumma mai ɗan mai bayan kowane atisaye. Zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana ƙara matsin iskar tukunya. Kada a bar ta cikin mota a rana. Kuma ina roƙonka da girman Allah, kada wani ya ce maka a je wurin masu walda a cika ta da iskar oksijin. Oksijin da ya haɗu da maiko cikin matsi yana kamawa da wuta, tukunyar ta tashi a hannunka. Busasshiyar iska kawai, daga famfon da aka yi domin ta.

Maganar ɗura harsashi

Harsashin babbar bindiga abu huɗu ne: kwanson tagulla, ɗan ƙyastun da ke gindinsa, albarushi, da ƙwayar da ke fita. Bayan harbi kwanso yana saura, kuma shi ya fi tsada, shi ya sa a Amurka mutane ke tattara shi su sake cikawa, don rage kuɗi da kuma daidaita harsashi da bindigarsu. A can doka ta yarda.

A nan ba ta yarda ba. Dokar 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja, irin DICON da ke Kaduna wadda aka kafa a 1964. Shigo da kayan haɗin ma sai da izini. In ka yi odar na'urar nan, ranar da kwalinta ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ba a matsayin ɗan wasa za a dube ka ba. Za a tambaye ka wa kake haɗa wa harsashi, kuma a wannan zamani tambaya ce mai nauyi ƙwarai. Saboda haka ba zan koya maka ba, ba kuma zan nuna maka inda za ka koya ba.

Ko da doka ta yi shiru, da na ja maka kunne. Matsin da ke tashi cikin babbar bindiga lokacin harbi yana kai wa wajen bar 4,000, tayar motarka kuwa bar biyu da 'yan kai take ɗauka. Wannan wutar tana tashi ne tazarar ɗan yatsa daga idonka. Albarushi ya ɗan yi yawa, ƙarfe ya fashe. Ya yi kaɗan, ƙwaya ta maƙale a bututu, harbi na biyu ya same ta a hanya.

Na ga sakamakon irin wannan da idona. Shekarun baya an kawo mini wata bindigar toka in duba, ta wani maharbi daga wani ƙauye a kudancin Kano. Albarushin gargajiya ya yanke masa, sai ya farke harsasan zamani ya juye garinsu a ciki, yana ganin ai gari gari ne. Bai san na zamani yana tara matsin da ya ninka na gargajiya ba, bututun nasa kuwa bututun ruwa ne da maƙeri ya gyara. Bindigar ta tsage tun daga gindi, ƙarfen ya buɗe gida uku ya lanƙwashe baya kamar an ɓare ayaba. Katakon da hannunsa na hagu ke riƙe da shi ya zama tsinke-tsinke, da jini a busasshe a jiki. Daga baya na ga mutumin. Babban yatsa da manuni sun tafi, ga baƙin ɗigo-ɗigo na albarushi a kumatunsa da ba za su taɓa fita ba. Manomi ne mai 'ya'ya, kuma riƙon fartanya ya gagare shi. Har yau in aka yi maganar haɗa harsashi a gida, hannun nan nake gani.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne hanyar da na nuna maka ba ta buƙatar wannan sam. Bindigar iska ba ta cin albarushi. Gwangwani ɗaya na ƙwaya guda 500 ne. Shi kuma .22 ƙyastunsa a cikin leɓen kwanso yake, da an harba ya lotse, ba a sake ɗura shi. Duk zakarun Olamfik na mita 10 da mita 50 harsashin kamfani suke harbawa. Abin da suke yi kawai shi ne gwada kashi daban-daban su ga wanda bindigarsu ta fi so.

Dalma kuwa guba ce, ko a ƙwayar bindigar iska. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin ƙurar ma'adinai mai dalma. Ka wanke hannu da sabulu bayan atisaye, kada ka ci goro ko ka sha ruwa a layin harbi, kada ka riƙe ƙwaya da baki kamar yadda yara ke yi, kuma gwangwanin ya yi nesa da inda ƙananan yara ke kaiwa.

Tarbiyyar riƙo ita ce abin da nake fara koya wa kowa kafin ya taɓa kunama. Kowace bindiga ɗaukarta za ka yi a ɗure take, ko kai ka sauke ta yanzu. Bakinta ba ya kallon mutum, ko da wasa. Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya ce mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Yatsa ba ya shiga gidan kunama sai saiti ya zauna a kan allo. Ka san abin da ke bayan allon. Kuma ba a gwada hannu a kan tsuntsu ko ƙadangare, domin an hana mayar da mai rai abin gwajin harbi.

Kafin ka samu amsa daga Bompai akwai abin da za ka fara yau ba tare da ka taɓa bindiga ba. Je asibitin ido a auna ganinka, tunda doka ma za ta nema, kuma ƙaramin rauni da ba ka lura da shi a shago zai bayyana a kan ɗigon rabin milimita. Ka gano idon da ya fi rinjaye: miƙa hannuwa biyu, ka haɗa tafuka ka bar 'yar ƙofa a tsakiya, ka leƙi wani abu mai nisa da ido biyu a buɗe, sannan ka jawo hannuwan zuwa fuskarka a hankali. Idon da ƙofar ta sauka a kansa, a kafaɗar wannan ɓangaren za ka riƙa ɗora bindiga, ko da ba da hannun nan kake cin tuwo ba. Sannan ka sami wani abu mai nauyin kilo huɗu zuwa biyar, ka tsaya ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwar hannunka na gaba a jingine da ƙugu, ka riƙe shi na daƙiƙa 30, ka sauke, ka huta, ka sake, har sau ashirin bayan sallar asuba. In ka yi wata guda kana haka, ka rubuto mini abin da aka gaya maka a Bompai, da kuma idon da ya rinjaya, sai mu ɗora daga nan.